Bula da Galura a Rijiyar Mahaifina

Mu a Dungu famfo ado ne. Yana nan a tsakar gida kamar baƙo mai kunya, sai ya yi sati uku bai ce uffan ba. Saboda haka rijiyar da mahaifina ya haƙa a ƙofar gidanmu ita ke riƙe da layinmu gaba ɗaya, har da masu koko na bakin titi.

A wata damina ruwan ya soma wari, yara suka kama gudawa gida-gida. Sai ga duba-gari, wanda a nan muke ce wa tankas, ya zo a babur ya ɗebi ruwan a kwalba. Da ya dawo ya ce ƙazanta na shiga ta ƙarƙashin ƙasa, kada kowa ya ƙara sha, sai dai wanki. Ya ba ni sati biyu: ko a gano inda take fitowa a toshe, ko ya zo da siminti ya rufe rijiyar har abada.

Ni kuwa ba jahili ba ne. Na yi boko har aji huɗu, kuma da malamin lissafi bai tsane ni ba, da ni ke hawa babur ɗin nan yau. Tun kafin tankas ya sha kwana na san mai laifi. Bayan gidana akwai wani Bafulatani, abokin tsokanata na shekara da shekaru, yana da garke da wani rami inda ruwan kashin shanu ke taruwa. Shaida kawai nake nema.

Shaidar a hannun uwargida na same ta. Ita rinin zare take yi wa masu saƙa rigunan fugu. Ina zaune ina kallo ta zubar da ruwan rini, ƙasa ta shanye shi, sai na miƙe zumbur har na taka butata. Ruwan da ya shiga ƙasa ai da launinsa ya shiga! In na zuba bula a ramin Bafulatani, rijiya ta yi shuɗi, magana ta ƙare.

Na tara unguwa a ƙofar gida na yi bayani, ina sa Turanci nan da can don a san da wa ake magana. Na ce wa Bafulatanin, in rijiya ba ta nuna ba, to za mu duba ƙwaryar nonon matarsa, don mun san inda take ƙaro auki. Aka yi dariya. Shi dai ya dogara da sandarsa har na gama.

"Na yarda, Kaɗo," in ji shi. "Amma kai ma kana da rami. A zuba wa nawa, a zuba wa naka."

Shaddata yake nufi, wadda na haƙa shekara biyu kafin nan a bayan zaure. A lokacin magini ya ce ta yi kusa da rijiya, kuma tana kan tudu. Na auna da ƙafata a gabansa, taku talatin cif, na sallame shi. Abin da ban sa a lissafi ba shi ne ni gajere ne. Amma a ranar ko gezau ban yi ba. Aka zuba bula a raminsa, na ce a kawo galura, ja wur, bokiti biyu, a zuba a tawa. Har na ƙara na uku don burga.

Daga nan ƙofar gidana ta koma kasuwa. Kullum da safe nakan sa hula, in zura guga da kaina, in juye a farin kwano, in ɗaga shi sama kamar mai duban wata. Mata na leƙe ta kafaɗata. Wani tela daga unguwar Sakasaka ya zo musamman don ya ga abin. Kwana uku ruwa fes. Na ce a yi haƙuri, ilimi ba ya son gaggawa. Ran Laraba aka yi ruwa kamar da bakin ƙwarya, na dinga zagaya tsakar gida ina murza hannu, don na san yanzu bula ta kama hanya.

Ran Alhamis da hantsi, ban ma kai ga ɗauko kwanona ba, uwargida ta fito riƙe da farar rigata ta Juma'a, wadda ta jiƙa da ruwan rijiya. Ta ware ta a gaban jama'a.

"Malam injiniya, wannan bula ce ko galura?"

Rigar ta koma ruwan hoda tun daga wuya har ƙasa. Na ce haske ne. Na zura guga, ya fito kamar zoɓon da aka cika wa ruwa. Bafulatani ya zauna a ƙasa don dariya, sandarsa ta yi gefe.

To, a nan ne aji huɗu ya yi rana. Na ɗaga hannu na sanar cewa gwajina ya yi nasara, an kama mai laifi, kuma zan hukunta shi ba sani ba sabo. A ranar aka kwashe shaddar aka cike ta, muka haƙa sabuwa can gangare. Bafulatani ne ya auna da dogayen ƙafafunsa, ya ƙara taku goma don mugunta. Shi ma ya janye raminsa ba wanda ya roƙe shi. Muka yashe rijiyar, aka shafe cikinta da siminti, aka yi mata daɓe da murfi.

Tankas ya zuba maganinsa, ya sake ɗiban kwalba, ya dawo ya ce a sha. Ya tambaya wa ya kawo dabarar rini. Na gyara zaman rigar nan mai ruwan hoda, don ita na sa masa, na ce ni ne. Ya tambaya ramin wa aka kama. Na ce ya tambayi mai shanu, ni a bangaren bincike nake.