Ƙahon da Na Ɗinka a Jidda

Na yi shekaru ina ɗinki a falon gidanmu a Jidda, da keke ɗaya da fanka mai tari. Na ɗinka wa Larabawa, na ɗinka wa 'yan Chadi, amma sau ɗaya tak aka taɓa kawo mini ɗinkin ƙaho.

Mai ƙahon wata nas ce, doguwa baƙa, tana aiki a wani asibiti wajen unguwar Safa. Maƙwabciyata mai shara a asibitin ce ta kawo ta. Nas ɗin ba ta jin Hausa, ni ba na jin Turanci, sai muka haɗu a Larabcin kasuwa, wanda rabinsa da hannu ake yi. Ta ce daga Namibiya take, mutanenta Herero ne, makiyaya.

Na ce, "To, Fulani ke nan."

Ta ce, "La, Herero."

"E, Fulanin can ƙasa."

Ta ajiye jaka da yadin da ta zo da shi, ta zauna a gajiye. Ta ce tun da ta sauka Jidda ba wanda ya taɓa kiran sunan mutanenta. Larabawa su ce Takruniya, kamar yadda suke ce mana, 'yan Filifin su ce Afirka, ga ni kuma na ƙara mata Fulani. Harshensu kuwa sai ta rufe ƙofa take yi wa madubi magana da shi, don kada ya tsere mata. Yanzu za a yi walimar ma'aikata mata, kowa da kayan garinsu, a kira a lasifika mutum ya fito. So take ko sau ɗaya ta ji an faɗi sunan. Abin ya taɓa ni, don ni ma Takruniyar nan ta ishe ni.

Ta nuna mini hoton mahaifiyarta. Riga har ƙasa, hannuwa a kumbure, siket a kan siket, yadin da zai yi wa gida guda labule. A ka kuma ɗankwali mai ƙaho biyu, don girmama shanu. Hoton shi kaɗai gare ta, sai ta mayar da shi jaka.

Na tashi ɗauko abin awo. Ni dai Allah ya yi mini jiki, ba na gaggawa. Sai na ji ta a bayana tana cewa, "Masha Allah, inti zay bagara."

Saniya! Ni, a gidana, a kan tabarmata! Ban san lokacin da na watsa mata yadinta ba. "Yalla, barra! Halas!" Ta fita tana waiwaye, maƙwabciyata na bin ta da takalmi ɗaya a hannu.

Maigidana yana aikin sauke dabbobi a tashar jiragen ruwa. Da na ba shi labari sai da ya ƙware don dariya, kuma ranar bai ci tuwo da nama ba. Washegari maƙwabciyata ta dawo da bayani: wai a wurinsu babu yabon da ya kai a ce mace tana tafiya kamar saniya, nas ɗin ma ta kwana tana kuka. Na ce su dai suka sani. Amma da ta fita na ɗan gwada tafiyar a gaban madubi, kuma gaskiya ba laifi.

Na aika aka dawo da yadin. Nas ɗin ta ce da jarida ake cusa ƙahon. Na ce a'a, jaridar ƙasar nan ba a rasa sunan Allah a ciki, ba da ni za a yi ƙaho da ita ba. Maigida ya kawo mini kwali daga tasha. Hoton ya riga ya shige mini duhu, amma wa zai koya wa Bahaushiya ƙaho? Na miƙar da su sama, zanƙala-zanƙala, irin na shanun da ake sayarwa a kasuwar kara.

Ranar gwaji tana miƙewa fanka ta kwashe ɗankwalin. Ta yi dariya har ta zauna a ƙasa. Ashe nasu a kwance suke, ɗaya dama ɗaya hagu. Na kwance na sake, ina mita.

Ta gayyace ni walimar. Na zauna a baya cikin Hausawa masu shara. Wata Balarabiya ce riƙe da lasifika. Ta kira Masar, ta kira Indiya, kowa na fitowa ana tafi. Da aka zo kan nas ɗin sai matar ta yamutsa fuska, ta ce, "Afirka."

Nas ɗin tana bakin ƙofa cikin rigar da ta cike ƙofar. Ba ta motsa ba. Aka sake kira, ta sunkuyar da kai.

Raina ya ɓaci. Na tsallake ƙafafun mutane, na ture kujera, na karɓe lasifikar daga hannun matar kafin ta ankara.

"Herero!" na ce. "Ismahum Herero!" Wato sunansu Herero.

Lasifikar ta yi ƙara, yaran da aka zo da su suka toshe kunne. Masu shara suka rangaɗa guɗa, 'yan Filifin suka kama sunan suna maimaitawa ba tare da sanin mene ne ba. Sai ta ɗaga kai ta fara takowa a hankali. Hawaye na zuba har haɓarta, ta kasa sharewa, don hannayenta biyu suna riƙe da rigar.