Yadda Takunkumi Ya Raba Baba da Aji Ɗaya

Ina tsugune a tsakar gidanmu na Samaru ina surfa waken ƙosai, wayata ta yi ƙara. Madam ce, mai makarantar firamaren da nake koyarwa a Muchia. Tun da aka rufe makarantu saboda korona, sau ɗaya tak na ji muryarta.

"Malama, an ce a shirya buɗewa. Ki zo ran Litinin. Ki taho da tsintsiya, in kina da fartanya ma ki haɗo."

Na ce to. Na ajiye wayar na ci gaba da surfena, ban ji wani daɗi ba. Kusan wata bakwai muna gida. Ɗaliban jami'a da nake sa ran za su sayi ƙosan duk sun watse, Samaru ta zama kamar kasuwar da ta tashi, sai maƙwabta ke saye don tausayi. Na gaji da zaman, amma kuma zuciyata ta yi nisa da aji.

Ran Litinin na hau bas zuwa Sabon Gari, na sauka kusa da layin dogo na ƙarasa da ƙafa. Da ƙyar na gane ƙofar makarantar. Damina guda ta yi a rufe. Ciyawa ta kai min ƙirji a filin da yara ke taruwa da safe, iska ta ɗage kwano biyu a kan aji huɗu, awakin unguwa kuma sun mai da barandar ofis wurin kwanansu. Na buɗe kabad ɗin ajina na tarar gara ta cinye katunan karatun da na yi shekaru ina yankawa da hannuna. Na ɗebo su, suka zube kamar gari.

Mu tara ne malamai kafin kulle, biyar muka dawo. Ɗaya ya kama tuƙin keke ya ce ba zai bari ba, biyu sun koma garuruwansu, ɗayar kuwa ko wayarta ba ta shiga.

Baba ne ya riga kowa zuwa. Shi ne malamin aji ɗaya, mutumin kudancin Kaduna, tsoho dogo mai furfura. Ya gama aikin gwamnati ya yi ritaya, zaman gida ya gagare shi, Madam ta ɗauke shi. Kowa Baba yake ce masa, har ita Madam ɗin, don shi ya koya wa 'ya'yanta baƙi da wasali. Na same shi ya naɗe ƙafar wando yana saran ciyawa da adda yana waƙar coci ƙasa-ƙasa.

"'Yata, kin rame," ya ce da ya ɗago. "Ko ƙosan ne ba kya ci, sai dai ki sayar?"

Ranar ce na fara yin dariya ta gaske cikin watanni.

Baba yana da wata hanya ta koyarwa da duk muka san shi da ita. Ba ya tsayawa a bakin allo. Sai ya bi benci-benci, ya durƙusa gaban yaro har fuskokinsu su yi daidai, ya ce, "Dube ni. Ce 'ba'." Ya kafa wa bakin yaron ido har sai ya faɗa daidai. In kana masa magana ma haka yake kallonka, ba ya ɗauke ido. Mun ɗauka natsuwa ce irin ta malaman da. Ni har kwaikwayonsa nake a ajina.

Da azahar Madam ta tara mu a ƙarƙashin darbejiya. Ita 'yar kudu ce, aure ya kawo ta Sabon Gari tun tana yarinya, Hausarta garau, sai in ranta ya ɓaci take juyawa zuwa Turancin kasuwa. Ta karanto mana sharuɗɗan buɗewa daga wata takarda: bokiti mai famfo da sabulu a ƙofar kowane aji, na'urar auna zafin jiki a bakin get, tazara tsakanin benci da benci, malami ya tsaya a gaba kada ya kusanci yara, kuma kowa da takunkumi, babba da yaro. Masu duba makarantu za su zo ran Juma'a, in ba su gamsu ba, ba buɗewa. Ta rarraba mana takunkuman da telan cocinsu ya ɗinka da guntayen atamfa, ta ce mu sa tun yanzu don mu saba.

Muka sa. Ta ci gaba da magana a bayan nata, ta juya ta ce, "Baba, benci nawa ne suka karye a ajinka?"

Baba ya ce, "Amin."

Aka kwashe da dariya, shi ma ya yi. Na ɗauka wasansa ne.

Washegari ne na gane. Muna cikin ajinsa mu biyu muna shata ƙasa da fenti inda kowane benci zai zauna. Ina tsaye gabansa, tsakaninmu bai fi taku biyu ba, na ce ya miƙo min igiyar awo. Ya dube ni ya yi murmushi. Na sake faɗa da ƙarfi. Ya gyaɗa kai ya ci gaba da abin da yake yi. Zafi ya ishe ni, na ja takunkumin ƙasa na ce, "Baba, igiya."

Nan take ya miƙo min. Na tsaya riƙe da igiyar ina kallonsa, shi ma yana kallona. Ya ajiye gwangwanin fenti ya zauna a kan ɗan bencin yara, gwiwoyinsa sun kusa kai masa haɓa.

"Zauna, 'yata," ya ce. "Kunnen hagu ya mutu da daɗewa. Na dama kuwa, kin san yadda ake jiyo kasuwa daga nesa? To haka nake jin duniya. Bakin mutane nake karantawa."

"Tun yaushe, Baba?"

"Tun kafin in zo makarantar nan. Matata ce kawai ta sani, ta kuma tafi da shi kabari."

"Asibiti fa?"

"Na je. Na gwada abin da ake maƙalawa a kunne, ƙara kawai yake ƙara min. Kada ki faɗa wa kowa. Wannan abu na ɗan lokaci ne, zai wuce."

Na yi masa alkawari. Daga nan na zama bakinsa a ɓoye. In Madam tana magana sai in zagaya bayanta, in ja takunkumina ƙasa kamar ina shan iska, in maimaita masa da leɓe kawai. Kwana biyu muna haka, muna wanke ajujuwa, muna ƙona ciyawa, kafinta yana buga kwano a sama. Amma ko a lokacin na san wasa muke yi da kanmu. Ran Alhamis na ja layin fenti a gaban allonsa, layin da aka ce malami ba zai tsallake ba. Na fita na dawo na same shi tsaye a bayan layin, alli a hannu, yana kallon bencin ƙarshe. Ko da yaran sun cire takunkumi, daga nan ba zai ga bakin kowa ba. Na koma da baya.

Ran Juma'a masu dubawa suka zo da hantsi, mace da namiji, kowa fuska a rufe. Ba mugaye ba ne, aikinsu suke yi, da alama ma sun gaji da yawo. Suna shiga aji-aji suna yi wa malami tambaya. Na shirya zan tsaya kusa da Baba, sai aka ga bokitin ƙofar aji uku yana yoyo ya zubar da ruwansa, Madam ta tura ni in sauya shi da gudu. Kafin in dawo sun riga sun shiga aji ɗaya.

Na tsaya a bakin ƙofa. Matar tana cewa, "Malam, in yaro ya zo da zazzaɓi, me za ka yi?"

Baba ya ce, "Arba'in da biyu ne, ranki ya daɗe, amma mun raba su safe da rana."

Ta dubi abokin aikinta, ta sake tambaya. Baba ya nuna mata bokiti da sabulu. Ta ɗaga murya ta faɗa karo na uku, har malaman sauran ajujuwa suka leƙo. Na ga idonsa yana nemana. Ya same ni, amma Madam tana dab da ni, namijin kuma ni yake kallo. Na kasa kai hannu in ja takunkumina ƙasa.

Baba ya ce a hankali, "Ranki ya daɗe, ko za ki ɗan sauke abin nan?"

"Ban gane ba," in ji matar. "Dokar da na zo dubawa kake so in karya? Madam, ko bai san sharuɗɗan ba ne? In malamanku ba su sani ba, ba za mu sa hannu ba."

Ta buɗe fayil ɗinta. Na tuna da mu biyar ɗin da muka kwana huɗu muna gurzar ƙasa, na tuna da kaskon ƙosai. Ban san lokacin da bakina ya buɗe ba.

"Ya san su duka," na ce. "Ba ya ji ne. Kurma ne."

A gabansa na faɗa, a bayan takunkumi, bai ji ko kalma ɗaya ba. Sai dai ya ga kowa ya juyo ya dube ni, sannan kowa ya juya ya dube shi. Ya ajiye allin a kan tebur.

Matar ta rubuta tambayar a takarda ta miƙa masa. Ya karanta, ya amsa tiryan-tiryan, babu kuskure ko ɗaya. Suka sa hannu. A bakin get na ji tana ce wa Madam, cikin tausayi ma, ta san yadda za ta yi da ajin ƙananan nan.

Madam ta kira shi ofis, ta ce in shigo. Ta tsaya nesa ta cire takunkuminta, idonta ya yi ja.

"Baba, duk shekarun nan? Me ya sa ba ka gaya min ba?"

"Da na gaya miki, da kin bar min ajin?"

Ta ce ba korarsa za ta yi ba, ya riƙe na'urar auna zafi a bakin get har abubuwa su lafa. Ta ɗauko ta nuna masa inda ake dannawa. Ya juya ta a hannunsa, ya ce ya gode, zai yi tunani. Da zai fita ya wuce ta gabana bai dube ni ba.

Ran Litinin aka buɗe. Baba bai zo ba. Maigadi ya ce ya shigo ran Asabar ya daɗe a aji, ya bar mabuɗi. Muka buɗe muka tarar ya rubuta haruffa a allo daga farko har ƙarshe, manya da ƙanana, da kyakkyawan rubutunsa. Ni aka ba ajin, aka haɗa nawa da na wata.

Yaran da suka dawo ba su kai rabi ba. Waɗanda suka iya haɗa baƙi kafin kulle sun manta, wasu ma riƙon fensir ya gagare su. Na tsaya a bayan layin da na ja da hannuna ina cewa su ce "ba", amsa tana zuwa min a dunƙule ta cikin atamfa, ban san wa ya ce "ba", wa ya ce "da", wa ya yi shiru ba. Ni mai kunne biyu ke nan. Kullum sai an tambaye ni, "Anti, ina Baba?" In ce yana hutawa.

Sai da na yi mako biyu kafin na iya zuwa gidansa a Unguwar Gabas. Ɗaki ɗaya ne a gidan haya. Na tarar 'yarsa ta zo daga garinsu tana ɗaure kaya a buhuna, za ta tafi da shi. Na cire takunkumi na durƙusa na gaishe shi.

"Baba, ni ce na faɗa."

"Na sani," ya ce. "Na gani a idonki."

Na jira ya yi min faɗa ko ya ce ya yafe. Bai yi ko ɗaya ba. Ya tambaye ni su wa suka dawo, na lissafa masa waɗanda na tuna. Ya ce akwai wata 'yar siririya da ke rubutu da hagu, kada in tilasta mata dama, kuma in ta yi shiru ba rashin sani ba ne, tsoro ne. Ya ce in sa ta a gaba. Ban iya gaya masa cewa ba ta cikin waɗanda suka dawo ba. Na ce to. Ya ba ni wata tsohuwar rula ta katako da ba ta shiga buhu ba, ya ce in gaida Madam.

Ba a yi wata uku ba takunkumi ya fara sauka da kansa. Yara suka mai da shi abin ɗaure kai da share majina, malamai muka bar shi a haɓa, daga baya a jaka. Ba wanda ya sake zuwa dubawa. Takalman yara suka goge fentin ƙasa, benci suka koma suka matsu kamar da.

Na je na sami Madam na ce a kira Baba. Ta ce in gwada. Na rubuta wasiƙa na ba wani direba ɗan garinsu, don waya ba ta da amfani a wurinsa. Bayan kwana goma 'yarsa ta kira ni. Ta ce ya karanta sau biyu, ya ninke ya sa a aljihu, ya ce a gaya mana ya gode. Ta ce yanzu ba ya son shiga mutane, ko coci sai an matsa masa, tun da kowa a garin ya sani, in an gan shi sai a riƙa yi masa ihu a kunne. Na ce ta ce masa yara suna gaishe shi. Ta ce za ta rubuta masa.