Gali Magini da Siton Kirgi

Gali magini ba ya zama a ɗaki sai ya fara ɗora tafin hannunsa a bango. Mutumin Sharaɗa ne, tun tana gonaki, kuma ginin ƙasa ya gada. Daga kaurin bango da inda ƙofa ta fuskanta yake faɗin yadda ɗaki zai yi da bazara. Yakan ce bangon ƙasa yini yake yana shan rana, ba ya amayar da ita sai magariba.

Bayan samun 'yancin kai, wani ɗan kasuwa ya ba shi ginin siton kirgi a Bompai, na bulo da kwano. Ya tambaye shi ko a bar kafofin iska a sama.

"Ɓarayi za ku buɗe wa hanya, Alhaji," in ji Gali. "A ƙara kaurin bango. Kafin zafi ya ratso, leburori sun tashi."

Lissafin soro ya yi. Kwano kuwa ba ya jiran magariba.

Wata rana da bazara, kafin azahar, wani lebura mai suna Alhassan ya faɗi tsakanin ɗaurin fatu, kumfa a baki. Aka yayyafa masa ruwa. Bai tashi ba.

Gali yana gyaran katanga a waje. Tijjani, wan mamacin, ya nufo shi da ƙugiyar jan kaya.

"Malam Gali, kai ne ka ce ɗakin nan zai yi sanyi kamar randa?"

"Ni ne."

"To shigo ka sha sanyi."

Leburori da yawa suka ja shi ciki, suka tura ƙyaure. Na waje sun ji ƙugiya tana karo da bulo, daga baya sautin ya canza. An danna kumatunsa a ƙyauren ƙarfe da rana ta gasa, har fata ta maƙale. Barikin 'yan sanda ba nisa, amma ba wanda ya je. Shi ma Gali da aka tambaye shi, cewa ya yi tsani ne ya zame.

Hannunsa na dama bai ƙara riƙe guduma ba, haƙarƙarinsa kuma bai ɗoru daidai ba. Bayan damina ya dawo siton da kansa, ba wanda ya kira shi. Ya riƙa fasa kafofi ƙarƙashin kwano da hagu, yana so ya gama kafin wata bazarar. Tijjani yakan wuce ƙarƙashin tsanin da kaya a ka, ba sa gaisawa.

Ya gama ɓangare uku. A na huɗu ya huda rabin bulo, haske bai kai ga shiga ba, tarin jini ya sauko da shi. Bai sake hawa ba.