Garin Ƙarfe a Yatsan Kawu

Jiya ina juye baƙin man injin ban-ruwa, sai na ga na murza shi a yatsa na ɗaga wa rana. Halin Kawu ne, nan take raina ya ɓaci.

Kawu makaniken ƙaramin jirgin saman nan ne mai feshin maganin tsuntsu. Duk lokacin duba inji sai ya tsiyaye mai, ya murza, ya sansana kamar mai sayen daddawa. Shekarar da tsuntsayen jan-baki suka rufe fadamar Kirikasamma, shinkafata ta fara nuna. Na same shi ya buɗe cikin jirgin, warin mai ya cika wurin.

Na ce, "Kawu, tsuntsu na cinye ni, ka bar shi ya tashi."

Ya miƙo min yatsa, wani abu na ƙyalli a cikin man. "Garin ƙarfe ne, injin na cin kansa. Ɗan wani ne zai hau."

"Ni ba ɗan wani ba ne?"

"Kai a ƙasa kake."

Kafin kayan gyara su iso, ƙaiƙayi aka bar min, kuma har yau ban farfaɗo ba. Matuƙin da aka tsare wa rai kuwa, ko gaisuwar mutuwar Kawu bai zo ba. Ni da na rasa gona, ni na ɗauki makara.

Gaskiyarka ce, Kawu, amma ban huce ba. Allah ya jiƙanka, ya sa binciken da za a yi maka ya fi naka sauƙi.