Ranar da na wanke daɓen katako

Shekarun baya, lokacin ina tuƙin tasi a Washington, na kama haya a tsakiyar gari. Ba jin daɗi ne ya kai ni ba. Mun rabu da matata, 'yata mai shekara shida tana wurinta a garin Largo, kotu kuma ta ce yarinyar ba za ta kwana wurina ba sai ina da gidan kaina. Lokacin mu biyar ne cunkushe a ɗaki biyu a garin Woodbridge.

Gidan a hawa na uku yake, daɓensa duk katako ne. Ban yi boko ba, don haka na tafi da abokina ya karanta mini takardar haya. Yana shiga ya cire takalmi ya ce, "Kai, ɗan ƙauye, nan za ka zauna? Wallahi daɓen nan ya fi sanƙonka sheƙi."

Na ce, "Bar surutu, nuna mini inda zan sa hannu."

Ya ce, "Shafi tara ne fa, malam."

Na ce, "Tsallake." Ya tsallake.

Na sayi ƙaramin gado na sa a ɗakin ciki. Ran Litinin wata mata daga kotu za ta zo duba gidan. A gidanmu in za a yi baƙo, mahaifiyata ruwa take kwarawa a siminti ta bi da tsintsiya. Abin da na sani ke nan. Asabar da safe na kwara bokiti shida da omo, na dirje ko'ina. Sai da na gama na lura babu rariyar da ruwan zai bi. Na ce zai bushe, na kulle ƙofa na fita aiki.

Da na dawo babu ruwa. Har hamdala na yi. Ashe ƙarƙashin katakon ya shige.

Lahadi mutumin da ke ƙasana ya hau yana zagi, rufin ɗakinsa na ɗiga. Litinin katakon ya kumbura ya tashi kamar kunyoyin gona. Matar kotu ta yi tuntuɓe tun daga bakin ƙofa. Ta ce in nuna mata ɗakin yarinyar. Na tura ƙofar, ta ƙi buɗuwa, daɓen ya danne ta. Na sa kafaɗa, a banza. Ta duƙar da kai tana rubutu. Ban iya karatu ba, amma na san abin da ta rubuta.

Mai gida ya ba ni takardar tashi. Sunana ya ɓaci, duk inda na nemi haya sai su duba tarihin hayata su ce a'a. Kafin in samu wani wuri, uwar ta ƙaura da yarinyar wata jiha mai nisa.

A waya 'yata ta tambaye ni da Turanci, "Baba, gadona wane launi ne?"

Na ce, "Ruwan hoda, uwata."

Mutane suna cewa in ɗauki darasi. Na ɗauka, amma ban ga abin da ya gyara mini ba. Yanzu a garin Clinton nake, a ɗakin ƙasa mai siminti, in na ga dama in kwara ruwa. 'Yata ta girma. Takan kira ranar sallah, in yi Hausa, ba ta ganewa.

Gadon nan, sai da kafinta ya cire ƙofar aka fito da shi. Ko ledar katifar ba a yage ba.