Kwalbar Yaya Ladi

Shekara tara ke nan cif da rasuwar yayata Ladi, kuma har yau ban taɓa ajiye wa maigidana tuwo da miyata ya kai lomar farko baki ba tare da ya ce "Allah ya jiƙan Yaya Ladi" ba. Ni na tuƙa, ni na kaɗa miyar, ni hayaƙi ya shiga wa ido, amma ita ake yi wa addu'a. Kuma dole in ce amin. Wa ya taɓa kai ƙarar addu'a? In na je gaban limamin unguwarmu na ce Malam, mijina, yana nema wa 'yar'uwata gafara safe da yamma kuma abin yana ci mini rai, ai ni za a kalla a ce a nemo mini magani. To, yana ci mini rai. Na faɗa.

Na san yadda ake tuna mamaci a jarida: mai haƙuri ce, mai kawaici ce, ba a taɓa jin kanta da kowa ba. Ladi ta yi faɗa da rabin tashar Funtuwa. Ni kuma ban zauna a benci ajin yaƙi da jahilci ina da shekara arba'in da 'ya'ya shida don in zo in rubuta ƙarya ba. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi.

Uwarmu ɗaya ubanmu ɗaya, a wani ƙauye kusa da Maska aka haife mu, shekara huɗu ta ba ni, kuma aure ya kawo mu Funtuwa dukanmu biyu. Mijinta bai yi tsawon rai ba. Da ta fita takaba sai ta kafa rumfar kwano a gefen tasha, inda manyan motoci ke lodin masara, ta jera benci uku, ta ɗora tukwane. Da safe wake da shinkafa da mai da yaji, wani lokaci ɗanwake. Da rana tuwon masara, miyar kuka ko busasshiyar kuɓewa, da ɗan man shanu ga mai so. Iyakarta ke nan. Ba allo, ba suna a ƙofa. Direbobi da 'yan dako da manoman da suka kawo hatsi daga Gozaki da Bakori duk "wajen Ladi" suke cewa, sai ka ce ita kaɗai ce Ladi a ƙasar Katsina.

Malam awon hatsi yake yi a kasuwa, rumfarta kuwa na kan hanyarsa. Sai ya ci ya yi nak da rana, ya dawo gida da yamma ya taɓa nawa kamar mai gwada zafin ruwan wanka. In na yi magana ya ce, "Ai gidan yayarki na ci, ba gidan bare ba." 'Ya'yan da na haifa da cikina, in an tashi makaranta sai su bi ta tasha. Autana ya taɓa kallon idona ya ce, "Umma, me ya sa miyar Inna Ladi take zama a kan tuwo, taki kuma take gudu?" Ban dake shi ba, amma ranar da yunwa na kwana.

Kada a ɗauka ban yi ƙoƙari ba. Na bi diddigin matar da take sayar mata da daddawa, na saya. Na sayi kuka inda take saye. Na yi mako biyu ina zuwa rumfarta da sunan taya ta wanke-wanke, idona na kan hannunta. Abin da nake sawa shi take sawa, har ma na fi ta nama. Bambanci ɗaya na gani: idan ruwan miya ya tafasa, sai ta sunkuya ta jawo wata tsohuwar kwalba daga ƙarƙashin benci, naɗe da tsumma, ta yi bisimilla, ta ɗan tsiyaya wani ruwa mai duhu-duhu, ta mayar da ita. An ce matambayi ba ya ɓata. Ni ban tambaya ba. In ce mata me? "Yaya, koya mini miya"? Ni da nake da gida da miji? Sai na tafi da amsar da zuciyata ta fi so: ruwan rubutu ne, wani malami ya yi mata aikin farin jini.

Da na bar shi a cikina da sauƙi, ciki ai ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba. Amma a wajen sunan jikan kawunmu a Bakori, Ladi ce ta kaɗa miyar taro, mata suka yi ta santi, wata tsohuwa har da cewa wannan hannu sai dai a gada. Sai na ji bakina ya ce, da ƙarfi yadda na bakin ƙofa za su ji, "Ba hannu ba ne, kwalba ce." Ladi tana tsaye da ludayi a hannu. Ta dube ni, ta ci gaba da zuba wa mutane miya.

Magana zarar bunu ce. Kafin wata ya ƙare ta isa tasha. Matar wani direba ta zo har rumfa ta yi mata tijara, wai an shanye mata miji a miya. Wasu dattawa biyu da suka shekara goma suna ci a wurinta suka koma wata rumfar. Ladi ba ta taɓa tayar mini da zancen ba. Ranar Sallah kwanonta na zuwa gidana kamar kullum. Abu ɗaya ne ya canza: tun da na fara karatu take tsokanata da "Malama", daga ranar sunan nan sai ta koma kirana Asabe, har ta koma ga Allah.

Akwai kuma wani abin da na daɗe ina yi mata dariya a kai. Duk kaka, idan an fara sussukar masara, sai Ladi ta ɗauki buhu ta bi masussuka tana tsintar totuwa, wato sandar nan da ke saura idan an ɓare ƙwayar. Mace mai rumfa cike da ciniki, tana sunkuye cikin ɓawo tare da awaki. Na sha ce mata, "Yaya, wannan rowa har ina? Itacen ma ba za ki iya saya ba? Kina zubar mana da mutunci." Sai ta ce, "Mutuncinki yana nan inda kika ajiye shi, ban taɓa ba."

Ina yawan tambayar kaina me za ta ce da ta ga Funtuwa ta yau. Inda rumfarta take yanzu shagon cajin waya ne. Gidajen abinci sun zama masu gilashi da fanka, ana zuba shinkafa a roba mai murfi, ɗan acaba ya kai wa mutum har ƙofa, bai ga fuskar wadda ta dafa ba, ita ma ba ta san ko ya cinye ko ya zubar ba. Ladi kuwa daga yadda mutum ya zauna a benci take sanin ko masararsa ta yi kasuwa. In ta ga kafaɗa ta faɗi sai ta ƙara malmala ba ta ce komai ba. In ta ga ɗan dako ya bar saura, sai ta tsare shi da faɗa har ya faɗi abin da ke damunsa. A gidaje ma, jikokina in ba taliyar leda ba sai a sha daru. Surukata tana jefa dunƙulen magi kala uku a tukunya ɗaya, ta ɗora a gas, kafin ka gama alwala ta sauke, kuma miyar kowa a layinmu ɗanɗanonta ɗaya. Na san abin da Ladi za ta ce, don ta sha faɗa: miyar da ba a san mai ita ba marainiya ce. Amma kada in cuci zamani. Da ta ga gas da ta rungume shi, don hayaƙin itace ne ya cinye mata ƙirji.

Duk shekara idan ranar rasuwar Ladi ta zagayo, nakan dafa tuwo a raba sadaka. Bana sai 'yarta Hassana, wadda ke aure a Malumfashi, ta zo da 'ya'yanta da ƙatuwar kula ta miyar kuka, wai gudummawa. Na zuba wa Malam daga ciki ban gaya masa ba. Na tsaya a bakin ƙofa ina jiran addu'ar nan tasa. Ya kai loma ta farko. Shiru. Ta biyu, ta uku. Ya suɗe kwano, ya miƙo mini ba tare da ya ɗago kai ba, ya ce, "Ƙaro." A nan na gane abin da na shekara tara ina ce wa amin. Ba tuna ta yake yi don ya ji daɗi ba, rashinta yake ji a harshensa. Ranar da ya same ta a kwano, bai ma tuna ta mutu ba.

Na shiga madafa raina a ɓace, na tarar da Hassana tana ɗumama sauran miyar, ga wata kwalba a gefenta naɗe da tsumma.

Na ce, "Au, ke ma malamin ya ba ki?"

Ta ce, "Wane malami, Inna?"

"Kada ki raina mini hankali, ni na yi miki wankan jego. Malamin uwarki."

Ta yi dariya har da riƙe ciki, sannan na ga idonta ya kawo ruwa. Ta buɗe kwalbar ta ɗiga mini a tafin hannu. "Lasa, Inna. In kin ga aljani ki kira ni."

Na lasa. Wani ɗan kaifi mai santsi ya kama mini harshe, sai ga ni a ƙauyenmu, ina yarinya, gaban murhun kakarmu. Ruwan toka ne. Na san shi sarai. Mu dai mun taso muna ganin sai wanda ba shi da halin sayen kanwa yake sa shi, shi ya sa tun da na shigo birni ban ƙara ko tuna shi ba.

Hassana ta ce, "Totuwar nan da kike mata gori ce. Sai ta bushe ƙayau take ƙona ta ita kaɗai, ba a haɗa ta da itace ko kara. Ta tara tokar a tsohon kwano mai huji, ta shimfiɗa tsumma, ta zuba ruwa ya yini yana ɗiga. Shi ke kama kuka ta zauna, ba ta ɗaci irin na kanwa. Tana rufe kwalbar ne don kada rana ta dake ta."

Na ce, "To me ya hana ta buɗe baki ta wanke kanta a Bakori?"

"Ta ce in ta wanke kanta ke za ta ɓata, kuma ƙanwa ɗaya gare ta. Da ciwo ya tsananta ta ce mini: in Asabe ta tambaya ki nuna mata komai, in ba ta tambaya ba ki ƙyale ta da kanwarta." Ta mayar da murfin. "Shekara tara ina jira, Inna. Yau ma ba tambaya kika yi ba, zargi kika yi."

'Yar da na goya a bayana ce ta gaya mini haka.

To me ya rage na Ladi? Rumfa ta tafi, bencinan an ƙona su, direbobin da suka san ta rabinsu sun bi ta. Ba ta bar gida ba, ba ta bar gona ba, ko sunanta ba ta iya rubutawa ba. Abin da ya rage shi ne ɗanɗano a bakin wasu tsofaffi, da kwalba ɗaya a Malumfashi, da kalma shida da na jefa mata a gaban mata, waɗanda na tabbata har yau akwai mai maimaita su. A taro na faɗa, shi ya sa na kawo gyaran jarida, taron da ya fi na Bakori girma. Duk wadda ta ji ni ranar nan, ko ta ji daga wadda ta ji, ta sani: ƙarya na yi. Hannu ne. Ni Asabe na ce hannu ne.

Kada kuma wani ya ɗauka na warke. Har yanzu ina kishinta, yanzu ma ya fi. A da, da miyarta kawai nake kishi. Yanzu har da shirun da ta iya yi na tsawon shekaru, wanda ni ko na yini ɗaya ban taɓa iyawa ba. Ta fi ni a tukunya, ta fi ni a baki, ta kuma tafi inda ba zan iya rama ko ɗaya ba.

Washegari da sassafe na yafa mayafina mai kyau, wanda kowa ya san ni da shi, na ɗauki buhu na nufi masussukar da ke hanyar Bakori, inda injin ɓarar masara yake tara totuwa tsibi-tsibi. Na sunkuya cikin awaki na fara tsinta. Mai injin abokin Malam ne, ya gane ni, ya kashe injinsa don kowa ya ji, ya ce, "Hajiya, lafiya? Gas ɗin ne ya ƙare, ko rowa ce ta motsa?"

Na ce, "Makaranta zan koma, kayan aji nake haɗawa."

Na cika buhuna, na ɗaure bakinsa, na tsayar da motar Malumfashi.