Hotunan Sawakin da Yaya Ɗahiru ya kawo wa Inna

Shekara talatin ke nan cif da muka rasa Yaya Ɗahiru. Na wayi gari jiya a gidan ɗana a unguwar Ka'akiyya, jikata tana nuna mini hotunan da ƙawarta ta ɗauka a wani wurin shaƙatawa na bakin teku a Sudan, kusa da kufan Sawakin. Ta ce sun fi ɗari biyu, duk a yini ɗaya. Na yi dariya, don na tuna mutumin da ya yi wata bakwai yana shirin ɗaukar goma sha biyu a wannan wuri.

A shekarun 1960 muna zaune a unguwar Misfala, a nan ƙasa mai tsarki, ɗaki biyu a saman shagon wani mai ɗinki. Yaya yana da ɗan rumfa inda yake ɗaukar alhazai hoton fasfo da na igama, wato takardar izinin zama. Wasu dattawan unguwa ba sa son sana'ar, amma duk wanda takardarsa ta ƙare sai ka gan shi ya zo ya zauna a kujerar, ya gyara hula. Ni kuwa a lokacin ina da aure, ina sayar da fura da yaji ga alhazan gida.

Iyayenmu da ƙafa suka taso daga ƙasar Kano. Sun yi noma a Chadi, sun tsinci auduga a Sudan, sannan suka yi shekara huɗu a Sawakin suna jiran jirgin ruwa. A can Baba ya rasu. Inna ta haye da mu biyu, ba ta sake waiwayar tekun ba. Sai da yanar ido ta fara rufe mata gani ta shiga ambaton garin kullum: gidan wani attajiri da take ɗebo wa ruwa, ƙofarsa mai zane, maƙabartar da ke bayan gari. Wata rana bayan la'asar ta ce, “Ɗahiru, da zan ga wurin nan sau ɗaya kafin idon ya tafi, da na huta.”

Jikinta ba zai ɗauki tafiya ba. Yaya ya ce to shi zai je ya kawo mata garin.

Ba ƙaramin abu ya ɗauka ba. Takardun zamansa ba su da ƙarfi, kuma mun san mutanen da suka fita suka kasa dawowa. Mijina ya yi masa magana, ni ma na yi kuka. Ya ce mini, “Rabi, khalas, magana ta ƙare. Na auna, zan dawo.” Kuma da gaske ya auna. Ya bi tsofaffin Misfala ɗaya bayan ɗaya, duk wanda ya bi ta Sawakin, yana tambaya yana zana taswira a bayan kwalin sabulu. Ya gano rana daga teku take fitowa, don haka fuskar gidajen da safe kawai take samun haske mai kyau. Ya zaɓi lokacin sanyi, bayan alhazai sun watse. Ya naɗe fim ɗinsa cikin gwangwanin shayi saboda zafi da gishirin iska. Wani matuƙin jirgi ya haɗa shi da mai hoton wani otal na bakin teku, inda Turawa da manyan ma'aikata ke zuwa wanka, don ya wanke hotunan a can ya tabbatar sun fito kafin ya juyo. Kowane hoto cikin sha biyun ya riga ya rubuta abin da zai ɗauka da shi.

Kwana arba'in ya yi. Ranar da ya dawo ya rame, ya yi baƙi, kuma bai shiga wurin Inna kai tsaye ba. Ya ja ni gefe a bakin matakala ya nuna mini. Garin ya zube. Gidan attajirin babu rufi, babu bango uku, sai bakin ƙofa tsaye da tarin duwatsu. Kabarin Baba kuwa bai gane shi ba, iska ta shafe alamun. Ya tambaye ni ko ya ce mata fim ɗin ya ƙone. Sai kuma shi da kansa ya ce bai taɓa gyara fuskar kowa a hoto ba, ba zai fara da uwarsa ba.

Inna ta kai hoton gidan dab da idonta na dama, kusa da taga. Ta daɗe. Sai ta ɗora yatsa a wani lungu a gefen ƙofar, inda ragowar matakala uku suka tsira.

“Rabi, zo. Kin ga nan? A ƙarƙashin nan na haife ki. Ubanku yana tsaye a waje da tulu a kafaɗa, ya manta bai sauke ba.”

Ta yi dariya har da hawaye. Ba ta tambayi rufin ba. Kafin shekara ta zagayo idon ya rufe gaba ɗaya, kuma ba ta sake cewa tana son ganin komai ba.

Ina tambayar kaina me Yaya zai ce da ya ga yau, kowa da kyamara a aljihu. Na tabbata ba zai yi tsaki ba, mutum ne mai son sabon abu. Zai karɓi wayar ya juya ta, ya yaba. Sai dai zai tambayi yarinyar wa ta ɗauko wa, kuma me mutumin yake bukatar gani.

Rumfarsa ta tafi tun da aka faɗaɗa hanya, gidanmu na Misfala ma haka. Bai bar dukiya ba, bai bar suna a wajen unguwa ba. Amma ni, wadda takarduna suka ce ba a san inda aka haife ni ba, na san wurin har matakalarsa, kuma jikokina sun sani. Allah ya jiƙan Yaya Ɗahiru, ya haskaka masa kabarinsa kamar yadda ya haskaka wa Inna kwanakinta na ƙarshe.